Gumbar Tchima Tun Tana da Rai

"Lahiya lau muke, sai dai ganinka," in ji Tchima. Ko kai ba ta ɗago ba daga ƙwaryar da take sauya wa ruwa, cike da anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da ake jiƙawa a ci lokacin yunwa.

Jikanta Rabilu ne ya sauka daga Yamai, a shekarar da ruwa ya ɗauke a ƙauyensu Gangara tun gero bai kai gwiwa ba. Ya gama karatunsa na farko a falsafa, an ba shi zaɓi kafin digirin doktora: ya yi metiris, wato digiri na biyu, a Yamai, ko ya karɓi burs, tallafin karatu, ya tafi Faransa shekara biyu ba leƙo gida. Kowa ya san inda ransa yake. Amma ya ga yadda tsohuwar ta zube, zane har yana neman zagaye ta sau biyu, kuma hankalinsa ya tashi ƙwarai. Sai dai jika da kaka ba da wannan bakin suke magana ba.

"Tsohuwa, har yanzu kina nan? Ni rabon gado na taho."

"Gadon mi? Miji ya bar mata da anza ya tahi birni cin burodi. Ai na sake ka tun bara."

"Mace ba ta saki."

"Bana komi ya juye. Kaza ta hi saniya daraja a kasuwa, mace kuwa ta saki. Wai yaushe za ka Hwaransa mu huta?"

"Na hwasa. A Yamai za ni yi."

"Hwaransawan sun ga hotonka sun tsorata ke nan."

"Yamai ma akwai malamai."

"Kai da bakinka ka ce malamanku ba su cika tabarma guda ba, littahi kuwa sai an bi layi kamar dawar taimako. Ka ce can ɗakin littattahansu ya hi kasuwar Gazawa girma, kuma daga nan doktora ɗin ba shi da nisa."

"Ashe kunnen yana aiki."

"In ana ƙarya kusa, yana yi. Wane irin karatu ne ma? Shekara da shekaru kuna tambayar mi ya kawo mutum duniya. Tuwo ya kawo shi. Bana babu, sai a ruhe lakol ɗin, ɗalibai su koma gida."

"Kin gani? Ga malama a gida, mi za ni nema wajen Nasara?"

"Bar zagaye-zagaye. Mi ya hana ka tahiya?"

Rabilu ya ɗauki ƙwayar anza ya jefa a baki. Ba ta gama jiƙa ba, ɗaci ya murɗe masa fuska, ya haɗiye don kada ta samu abin faɗa.

"Gumba ce. Tsohuwa irinki in ta tahi, gida na jikoki ne. Mu ɗaura zanenki, mu yi tahiyarki da sanda, mu tare ƙohwa, mu wawashe gumbar sadaka. Ni ne babban jika. In ina Hwaransa, wa za shi kwaikwayi tarinki? Daga Yamai kuwa mota guda ce."

Al'adar kam haka take, amma ba a taɓa jin wanda ya fasa ƙetare teku saboda gumba ba. Tchima ta gane sarai. Yaron tsoro yake ji kada a rufe ta yana wata ƙasa, kuma saboda tsoron nan zai yar da abin da ya sha wahala a kansa.

Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki. Sai ga ta da ɗan tulu an liƙe bakinsa da laka. Ta fasa lakar, ta juye a turmi. Gero ne fari tas, tun na kakar da aka samu albarka.

"Mi kike yi?"

"Mutuwa nike. Kama taɓarya, hannuna ba ƙarhi."

"Iya, kina da wanga gero kike cin anza?"

"Na sadakata ne. Na aje don kada a ce Tchima ta tahi, jikoki sun koma hannu wohi. To ga gero, ga babban jika. Ka ci rabonka yau, ka ɗaura zanen, ka yi tarin in gani. In ka gama ba ka da sauran aiki a garin ga."

Haka ɗalibin falsafa ya yi daka har hannunsa ya ɗuri ruwa, maƙwabta na leƙe ta saman darni. Ta dama gumba ta dunƙula, ta aika wa yaran unguwa tasu, ta ɗauko zanenta na fita ta miƙa masa. Ya ɗaura, ya karɓi sandarta, ya ranƙwafa ya zagaye turmi yana tari.

"Bai yi ba. Nawa daga ƙirji yake tasowa."

Ya sake. A karo na biyu ya tsaya yana hawaye, kuma ba kwaikwayo ba ne.

"Iya, in na komo ban iske ki ba hwa?"

"Ai ka yi makokin, na gani da idona. Wa ka taɓa jin ya samu haka?"

Rabilu ya yi dariya, ya goge ido da bakin zanen, ya gutsuri gumba.

"Kin ci, tsohuwa. Za ni Hwaransa."

"Allah shi kiyaye hanya. Kwance mani zanena tukuna, da sauran amhwaninshi."