Rasuwar Kaka Mai Giɓi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da shiru ya dama, malamar kiɗa ta saman bene tana sanar da rasuwar piyanonta, wanda yara ke kira Kaka Mai Giɓi. Ya cika ranar Talata ana tsakiyar darasi, bayan doguwar jinyar gara. Lemon da tagwayen tela suka ɗura masa ne ya ƙarasa shi. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "gwarrr".

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha duka da gwiwar hannu, ya haɗiye fensir da cingam, bai taɓa kai ƙara ba. Aibinsa ɗaya, haƙorinsa da ake dannawa ya ba da sautin "la" ya mutu tun malamar tana budurwa. Maimakon ta gyara, sai ta mai da abin hanyar koyarwa: duk yaron da yatsansa ya kai giɓin, da baki zai rera sautin. Iyaye suka ce rowa ce, ita ta ce hikima ce. An dai taɓa shan kunya, ranar da ɗan likita ya hau lafiyayyen piyano gaban alƙalan gasa, ya tsallake haƙorin ya kwarma "laaa", har wata daga cikinsu ta ƙware da shayi.

Ya rasu ya bar kujera mai ɗingishi, da iyalan ɓera, da maƙwabcin ƙasa da ya zo ta'aziyya yana danne murmushi, sai kuma autar mai wanki. Yarinyar nan ba ta magana da kowa, ko uwarta da kai take amsa mata. A "la" ɗin nan kaɗai ake jin muryarta. Ɗan malamar ya kawo magaji, sabon piyano na lantarki mai haƙora cif, yana ta hura hanci. Yarinyar ta zauna ta kaɗa waƙarta tsaf, ba kuskure ko ɗaya, bakinta a rufe. Wannan ne ya sa malamar kuka, ba gawar ba.

Za a sauko da marigayin ranar Asabar da hantsi. Ana neman majiya ƙarfi, masu ciwon baya su yi addu'a daga gida. Kafinta ne zai karɓi gawar. Mai gyaran rediyo kuma, don Allah, ya zo da sukundireba, ya kashe "la" ɗin sabon piyanon kafin yarinyar ta iso.