Fim ɗin Ban Haƙuri

Wani ne ya kai matarsa kasuwa a kan babur, ya dawo gida da kayan, ya manto matar. Ita kuwa ta tari mota ta wuce gidan iyayenta. Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya aika abokinsa, aka ba abokin ruwa ya sha, aka nuna masa ƙofa.

Mutumin yana zaune jugum a shagon mai gyaran kwamfuta, sai ya ga wasu mutanen katun suna hira a allo.

"Malam, su waye waɗannan?"

"Wata manhaja ce. Fim ake haɗawa da ita a cikin injin wasan bidiyo. Ka zaɓi mutane, ka sa musu kaya, ka sa musu murya."

"Injin fetur yake sha ko gas?"

"Wuta kawai."

"Kuma in ka ce mutum ya durƙusa, zai durƙusa?"

"Har ya yi kuka."

Mutumin ya buga cinya. "Shi ke nan! Shi zai ba da haƙurin, ni gwiwata ta huta."

Suka zauna aiki. Wasan da ke kwamfutar na yaƙi ne, don haka aka ɗauko wani soja aka cire masa hular kwano, aka manna masa fuskar mutumin.

"Ƙara min ƙirji. Rage tumbin. Kunnen nan fa?"

"Naka ne."

"Rage shi duk da haka."

Aka yi matar, aka tsayar da ita gindin wata bishiya. Sai ya ce dole a sa surukarsa, don ta ga an girmama ta. Ya hango wani gurbi a can saman allon.

"Wannan na waye?"

"Na babban oga ne, wanda ake gamuwa da shi a ƙarshe."

"To ai ita ce. Sa ta."

"Tsaya ka ji, oga a wasa fa..."

"Kai ka san ta ko ni?"

Mai gyara ya ɗaga kafaɗa. "To aƙalla ka bari in kashe faɗan kafin a ɗauka."

"Ni sulhu na zo yi, kana min zancen kashewa? Danna kawai!"

Aka danna, mai gyara ya fita sayen kati. Mutumin bai tsaya kallo ba, ya tura abin a wayarsa ya yi gaba.

A falon surukai aka haɗa wayar da talabijin. Suruki na kan kujera da carbinsa, suruka ta harɗe hannu, matar na leƙe daga bakin labule.

Ga gwanin a allo, ƙirji kamar ƙofar shago. Ya durƙusa. "Ki yafe min, hasken idona." Hawaye shar. Matar ta fara murmushi.

Sai kiɗa ya canza. Ƙasa ta girgiza. Suruka ta ɓullo daga bayan dutse, tsawonta ya kai bene, idanu jajur, tana aman wuta.

"Girmamawa ce, Mama," in ji mutumin. "Kin ga duk kin fi mu girma."

Bai rufe baki ba sojan ya miƙe ya zaro bindiga daga wando. Ratatata! Ya bi da gurneti. Ya kira jirgi. Suruka ta tarwatse, ɗankwalinta ya sauko a hankali, sojan ya hau rawa a kansa, ana ta tafi.

Surukar gaske ta miƙe ta nufi kicin, aka ji tana jan abu mai nauyi.

Mutumin ya rarumi takalmansa. A bakin ƙofa suruki ya cafke masa hannu, ya waiga kicin, ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Ɗana, wannan wasan, zai hau irin wayata?"