Rasuwar Gimbiya, Motar da Ba Ta Taɓa Ƙoshi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon wanda tsohuwa za ta ɗauka ba ta fasa cin abinci ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da ma'aikatan gidajen mai rasuwar Gimbiya, jar motar ɗana Auta, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a ƙarƙashin tagar ɗakina. Ni ban iya rubutu ba, surukata ce ke rubutawa. In kun ga layi ya karkace, cikinta na wata takwas ne ya hana ta matsowa kusa da tebur.

Marigayiya ta shigo gidan nan shekara uku da suka wuce. Kyau dai ba a hana ta. Ƙofa biyu, kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar kwano a kife. Kafin in shiga sai na yi sallama da gwiwoyina, kafin in fito sai an kira mutum biyu. Auta ya buɗe gabanta ya nuna mini injin, ɗan mitsitsi, bai fi tukunyar ruwan wankana ba. Wai na sauran motoci hawa da sauka yake kamar daka, nata kuwa wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyi a ciki. Na yi murna, na zaci ƙaramin ciki kaɗan zai ishe shi. Ashe ƙaramin ciki da ƙaramin ci ba uwarsu ɗaya ba.

Marigayiya mai zumunci ce, ba ta taɓa wuce gidan mai ba ta tsaya gaisuwa ba. Ba ta da zaɓe: fetur ta sha, baƙin mai ta sha, Auta kuma ya rantse haka aka ƙera ta, ba ciwo ba ne. Gudu kuwa ni shaida ce. Ranar da jinina ya hau, cikin minti biyar ta kai ni rabin hanyar asibiti. Sauran rabin a bakin titi na zauna, ƙafa a kumbure, ina kallon ɗana mai digiri yana tafe da jarka. Tun da surukata ta samu ciki nake tuna ranar nan, ina tunanin inda jikana zai faɗo duniya, gadon asibiti ko gaban famfon gidan mai.

Ga yadda jinyar ta fara. Kullum da safe Auta zai tayar da ita ya shige wanka, wai sai ta ɗumama. Tana nan tana ɓarrap-ɓarrap-ɓarrap, hayaƙi na shigo mini ɗaki, mai na ƙonewa, ba inda aka je. Mu kuwa mun tashi ba a barin wuta a ƙarƙashin tukunyar da ba komai. Wata rana Auta ya fito ya same ta shiru, ya murɗa, ya murɗa, ta ƙi tashi. Bakanike ya zo ya yi bayani tiryan-tiryan: irin wannan injin, in aka kashe shi da sanyinsa, mai ne ke cika shi ya shaƙe shi, in kuma aka yawaita, ƙarfinsa tafiya yake gaba ɗaya. Har yana tambaya ko akwai mai taɓa makulli a gidan. Ni tsohuwa ce, ban san karatu ba balle mota, amma bayanin nan ya shige ni sarai, Allah ya saka masa. Aka gyara. Ciwon ya dawo sau shida, kullum Auta na banɗaki. Na bakwai ta ce ƙirrr, ƙirrr, ƙit. Ina kusa da ita har ƙarshe.

Ta rasu ta bar Auta, wanda ke shafa ta da tsumma har yanzu. Jarkoki huɗu da mazurari. Tabon baƙin mai a siminti. Bakanike, wanda kukansa ya fi na kowa gaskiya. Da maƙwabta, waɗanda yanzu dole su nemi agogon tashi.

Na ji Auta na waya yana cigiyar sabon inji. Ɗan nan, ba a yi wa gawa dashen zuciya. Shi ya sa na ce a rubuta a manna a ƙofar gida da bakin layi: in kowa ya ji an yi rasuwa, ban ga da wane ido zai fito da gawa yawo ba.

Za a ɗauke ta ranar Alhamis da ƙarfe goma. Janwe, motar jan motoci, zai kai ta makwancinta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Masu rakiya za su bi a tsohuwar motar yayan surukata, mummuna mai ƙofa huɗu, wadda ke shan mai kamar mai jin kunya, kuma a ƙarƙashin tagata za ta kwana har a haihu. Mai zuwa ta'aziyya ya zo, amma kada ya zo da lambar wani bakanike. Kada kuma a wahala neman makulli. Yana ƙulle a haɓar zanena, inda Auta bai sake kai hannu ba tun dukan da ya sha yana ɗan shekara biyar.