Man Gelo da Filasko a Motar Gusau

Likita a Gusau ya ce zai duba hanjina, amma sai na wanke ciki tas tukuna. Ya ba ni man gelo a kwalba. Da na koma Kwatarkwashi, Inna ta shinshina shi ta yamutsa fuska.

"Wannan bai san tuwon dawa ba. Filasko za ka sha."

Ni kuwa, mai ilimin firamare, na ce zan raba gardama. Ranar komawa na shanye duka biyun, in ga wanda zai riga aiki, na haye ƙololuwar buhunan motar gyaɗa ina fito.

Ba mu wuce duwatsun garinmu ba magungunan suka iso tare.

"Direba, tsaya!"

Na dira, na faɗa gonar mutane. Da abin ya yawaita, direba ya rantse zai bar ni a daji. Wata tsohuwa ta roƙe shi, ta miƙo mini butarta: "Riƙe ta gaba ɗaya, ɗan nan."

Likita dai ya yaba tsabtar hanjina. Amma har yau, in na ratsa tasha, sai 'yan kamasho su haɗa baki: "Direba, tsaya!"