Dogonyaro Marar Saiwa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka ɗora mini aikin dashen itatuwa ba. Ina sashen gona na ƙaramar hukumarmu ta Tambuwal, shekara shida ina jiran ƙarin girma, sai ga takarda daga sama wai kowane ƙauye ya dasa dogonyaro. Ogana ya ce in aikin ya yi kyau, sunana ne farko.

Takardar ta zo farkon damina, amma dashen bai iso ba sai da gero ya nuna (wanda ya san aikinmu ba zai yi mamaki ba). Na kwashe su zuwa wani ƙauye a hanyar Kebbe. Mai garin, wani dattijo marar hayaniya, ya ce ko a bari sai baɗi, ko a yi musu shingen ƙaya, don da an gama girbi za a saki dabbobi. Na gyara hulata na ce masa takarda ba ta ambaci shinge ba. Muka dasa, aka ɗauke ni hoto, na koma Tambuwal.

Daga nan duk wata sai in rubuta rahoto cewa itatuwa suna bunƙasa. A teburin mai shayi nake rubutawa, ban sake leƙa ƙauyen ba.

Kwatsam aka ce gobe wani babba daga Sakkwato zai zo ya gani da idonsa. Da sassafe na hau babur, ina zuwa na tarar da ramuka da kashin awaki, ko ganye ɗaya babu. Sai shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma ban yi masa gardama ba. Na ari adda, na hau tsohon dogonyaron bakin kasuwa da wannan tumbin nawa, na saro rassa na bi ramukan ina kafawa. Mai gari na zaune a tabarma, iyakarsa ya ce mini sannu da aiki.

Baƙon da aka ce zai zo da hantsi bai iso ba sai bayan azahar, shi da ogana. Ganye duk ya yi yaushi. Na ce masa sabon iri ne, haka yake yi da rana. Ya gyaɗa kai, har na fara jin ƙamshin sabuwar kujera. Sai ya ce a kawo bokiti, yana son hoto yana ban ruwa.

Ya tuttula ruwan. Ƙasa ta saki. Reshen ya karkata a hankali, ya kwanta a kan takalminsa, ga saran adda fari fat a gindi. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi mai haƙuri. Yau da hantsi anka dasa shi, bai samu sararin yin saiwa ba."

Har direban baƙon sai da ya riƙe ciki don dariya. Ogana kuwa ko kallona bai yi ba.

Ƙarin girman ya tafi ga wani. Ni kuma aka mayar da ni ƙauyen da damina ta zagayo, na sake dashen da hannuna. Abin da na koya shi ne, ƙaryar ma'aikaci tana iya shekara goma lafiya lau a cikin fayil, amma ba ta jure bokitin ruwa ɗaya.