Wayar da Ta Bi Manya Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe sashen kwamfuta na kamfaninmu a Funtua ba. Ko da na so in manta, duk wanda ya yi harkar auduga a yankin nan a ƙarshen shekarun tamanin zai tuna mini. Har yau in na ga an ja waya ta tsallaka fili a kan sanduna, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

A lokacin ni ƙaramin malamin awo ne a wani kamfani mai sayen auduga yana gurzarta. An ajiye ni a wurin saye na Danja, aikina tsayuwa gaban sikeli tun safe har la'asar. Manoma su zage ni wai na danne musu awo, na sama da ni su zage ni wai na sassauta. Na tsani aikin nan tsana ta haƙiƙa. Ana nan sai kamfani ya sayo kwamfutoci huɗu, aka nemi wanda ya gama sakandare kuma ya iya buga tafireta, sai ƙuri'a ta faɗa kaina, aka tura ni kwas Kaduna. Kafin in tafi Manaja, Alhaji Sule, ya gaya mini baki da baki cewa in na haɗa na'urorin nan suka riƙa aika wa juna saƙo, ni ne shugaban sabon sashe, da ofishina mai fanka a Funtua. In na kasa, sikeli na nan yana jirana.

Kuma wallahi na koyi abin. Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai, don da jahilci ne ya kayar da ni da na samu abin da zan fake da shi. Tsarin da aka koya mana mai sauƙi ne. Waya guda ɗaya ake ja, baƙa mai kauri kamar ta eriyar talabijin, kowace kwamfuta ta maƙale a jikinta da wani ɗan ƙarfe mai baki uku, a toshe ƙarshen wayar biyu da 'yan marafai na musamman. In wata na'ura ta saki saƙo, duk sauran suna jin sa a lokaci guda, kamar shela a kasuwa, amma wadda aka ambaci lambarta ce kaɗai ke ɗauka. Babu ta farko, babu ta ƙarshe. Malamin kwas ya ja mana kunne a kan abu biyu: kada wayar ta yi tsawon da ya wuce ƙa'ida don saƙo yana dusashewa a hanya, kuma kada a haɗa ta da wata irin waya ko da sun yi kama a ido. (Na rubuta wannan, na ja layi a ƙarƙashinsa, har na gyaɗa kai ina kallon sauran ɗalibai kamar ni na ƙago shi.)

Harabar kamfaninmu gini biyu ne suna fuskantar juna, a tsakaninsu ƙaton filin da manyan motoci ke sauke auduga. A ginin gabas akwai ofishin Manaja da na Akanta, bango ne kawai ya raba su. A ginin yamma akwai ofishin Mataimakin Manaja da na mai kula da sito. Da na dawo na zana tsarina tsaf: waya ta tashi daga Akanta, ta shiga wurin Manaja, ta tsallaka fili sau ɗaya, ta bi ta wurin Mataimaki, ta ƙare a sito. Wayar da aka sayo ta isa har da ragowa. Na shiga taron manya da zanen a hannu ina jin kaina.

Mataimaki, Malam Haruna, shi ya fara ɗora yatsa a kan takardar.

"To, wannan ta farkon ta wace ce?"

Na ce ta Akanta ce.

Akanta, wani matashi mai suna Mista Okoro wanda duk cikinsu shi ne ƙarami a shekaru, ya fara kallon silin. Manaja ya cire tabarau ya ajiye a hankali, ya dube ni.

"Wato saƙo sai ya bi ta hannun Akanta kafin ya iso gare ni?"

Amsar jimla ɗaya ce, kuma tana kan harshena. Amma ni a gidan da na tashi a Maska, ba ka isa ka gai da ƙanin uba kafin wan uba ba, ba ka isa ka sa hannu a akushi kafin na gaba da kai ba, balle babba ya yi magana ka ce masa ai ba haka ba ne. Kafin ƙwaƙwalwata ta gama shawara, gwiwata ta riga ta kai ƙasa, bakina kuma ya kama aikinsa.

"A'a, ranka ya daɗe, kuskuren zane ne. Ai taka ce ta farko. Duk saƙon da zai fita, kai zai fara gaisarwa."

(Ba wanda ya tambaye ni wannan ƙarin na ƙarshe. Ni na ga ya dace in yi wa ƙaryar ado.)

Manaja ya mayar da tabarau yana murmushi. Malam Haruna ya ce, "Daga shi sai ni ke nan." Na ce ƙwarai kuwa. Akanta ya zama na uku, mai sito na huɗu, aka yi addu'a aka tashi kowa ransa fari. Sai da na fito baranda na kalli filin nan sannan na gane abin da na ɗaura wa kaina. Waya za ta tashi daga gabas ta je yamma wurin Mataimaki, ta dawo gabas wurin Akanta, ta sake komawa yamma wurin sito. Tsallaka uku maimakon ɗaya.

Tsawon ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, kuma wayar ta ƙare mini a tsakiyar tsallaka ta biyu. Mai hankali a nan zai koma ya ba da haƙuri ya faɗi gaskiya. Ni kasuwa na nufa, shagon masu sayar da kayan rediyo, na sayo wayar eriyar talabijin, na murɗe su tare na naɗe da baƙin tef. Doka biyu aka ba ni a Kaduna, na karya su duka a mako guda. Na sa aka kafa dogayen sanduna don kada motoci su tsinke ta, ta riƙa lilo a saman fili layi uku kamar igiyar shanya.

Na gwada, shiru. Na sake gwadawa, shiru. Wata rana saƙo ɗaya ya isa, na yi hamdala har da hawaye, daga shi ban sake ganin wani ba. Na ce wa kaina wuta ce ba ta da ƙarfi. Na ce zafi ne. Abinci ya daina shiga, na rame har matar yayana ta tambaye ni ko ciwon shawara ne ya kama ni. Na sha zuwa ƙofar Manaja da niyyar in fasa ƙwan, amma kullum sai in tarar yana nuna wa wani baƙo inda wayar ta fara, yana cewa, "Ka ga nan? Daga nan komai ke tashi." Sai in gaishe su in juya. Ba abin da ya rage mini sai fatan a ɗaga bikin, ko a yi ruwa da iska su kwashe sandunan, amma lokacin kaka ne, sama fes.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka jera kujeru. Shugaban kamfani ya zo daga Kaduna, manyan manoma suka zo daga Kafur da Malumfashi. Babana ma ya zo daga Maska a bayan babur, sanye da rigarsa ta Juma'a, don na riga na cika masa baki cewa ɗansa zai zama shugaban sashe. Shirin shi ne mai sito ya buga yawan dilolin audugar da ke ajiye, su bayyana nan take a gaban Manaja, a tafa.

Mai sito ya buga. Aka aiko aka ce ai ya buga. Manya sun cika ofishin Manaja suna kallon allon na'urar, ba komai a kai sai wani ɗan koren ɗigo yana ƙyaftawa. Na danna nan, na danna can, na leƙa bayan tebur kamar akwai abin da na manta. Gumi ya jiƙa sabuwar rigata sharkaf. Wani daga cikin manoman ya ce, "Ko dai a aiki mutum da ƙafa ya tambayo?" Aka yi dariya kaɗan, irin ta ladabi.

Shugaba ya zo da injiniyan kamfani, kuma da ya matso sai na ga ashe Bayo ne, ɗan wasu Yarbawa masu sayar da yadi a Funtua, wanda muka yi firamare tare. (A aji ni nake kayar da shi a lissafi, abin da na riƙe ke nan ina lallashin kaina shekara da shekaru.) Ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Mutumina, kwantar da hankalinka, bari in bi wayar in gani."

Ya fita yana kallon sama yana bin ta. Shugaba ya tashi ya bi shi. To, in shugaba ya tashi wa zai zauna? Duk taron ya ɗunguma, manyan riguna da rawuna, muka tsallaka fili cikin rana zuwa ofishin Mataimaki. Daga nan waya ta juyo, muka juyo. A tsakiyar fili Bayo ya tsaya ƙarƙashin ƙullin baƙin tef ɗin nan, ya kalle shi, ya kalle ni, ya wuce. Muka isa ofishin Akanta, wanda ke manne da inda muka baro. Da waya ta sake juyawa yamma, sai leburorin da ke zaune kan buhuna suka kasa daurewa. Wani dattijo mai ƙiba ya ce shi kam ya gama, a same shi a inuwa.

A ƙofar sito shugaba ya tsaya yana haki, ya ce, "Wai me ya sa wayar nan take ta kai da kawowa haka?"

Kafin ni ko Bayo mu buɗe baki, Manaja ya gyara tsayuwa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yallaɓai, ai bisa girma aka jera. Saƙo ni yake fara gaisarwa, sannan Mataimaki, sannan na ƙasa. Haka ilimin abin yake. Yaronmu ne ya yi mana bayani."

Shugaba ya juya wajen Bayo. "Haka ne, Injiniya?"

Bayo ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, mai aikin zai fi ni bayani."

Ido ya dawo kaina kaf, har da na Baba can baya yana ɗaga wuya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Maganar da na kasa faɗa a ɗaki gaban mutum huɗu, ita na faɗa a fili gaban jama'ar gari uku.

"Ranka ya daɗe, ba haka ba ne. Waya ba ta san babba ba. Duk lokaci guda suke ji. Tsawon ne ya yi yawa, kuma na yi mata ƙari da wayar talabijin."

Manaja ya juyo gare ni. Da ya yi magana bai ɗaga murya ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ka san haka tun farko?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ka sani, ka bar ni ina ta gaya wa mutane?"

Na je in kare girman mutum, na ƙare da tozarta shi gaban ubangidansa da leburorinsa. Bayo ya yanko 'yar guntuwar waya mai kyau, ya zura ta taga tsakanin ofishin Manaja da na Akanta, ya toshe ƙarshenta biyu. Akanta ya buga gaisuwa, ta bayyana nan take, aka tafa. Ni ina tsaye jikin bango, na taya su tafin.

Da aka watse Baba ya same ni a bakin ƙofa, ya riga ya hau bayan babur. Na shirya jin faɗa. Sai ya kama hannuna ya ce, "Ni dai ban gane mi ya lalace ba. Amma na ji an ce kai ka sa babba a gaba. Allah shi yi maka albarka, ba ka ba ni kunya ba." Babur ya tashi ya bar ni nan. A wurin ne na yi kukan da na danne tun safe, don na san haka zai je ya gaya wa duk Maska, kuma ba zan iya gyara masa ba, shi ma babba ne.

Ba a kore ni ba. Kafin mako ya zagayo aka mayar da ni Danja, aka kawo wani daga Zariya ya zauna a ofishin mai fanka. Ban sake taɓa kwamfutar kamfanin ba har aka rufe shi. Abin da na koya, na koye shi a makare: in babba ya yi maka tambayar da amsarta a'a ce, ka cire takalmi, ka durƙusa har goshinka ya taɓa ƙasa in ka ga dama, amma ka ce a'a. Ni na durƙusa na ce i, shi ya sa 'ya'yana suka tashi ba su san ubansu da wani suna ba sai Malamin Sikeli.