Injin da Ya Cika a Tsakiyar Babi na Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargaba daidai gwargwado, Malam Badamasi, manomin albasa a Bunkure kuma marubucin littafin da har yau ba wanda ya ga bangonsa, yana sanar da rasuwar injin ban ruwansa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a bakin kanal.

Marigayin ya shayar da albasa, ya shayar da tumatir, amma babbar hidimarsa ita ce rufin asiri. Malam mutum ne mai gyaran rubutu da kunne. Ba ya yarda da jimla sai ya karanta ta da ƙarfi ya ji inda take tuntuɓe. A gida babu hali, domin matarsa Nafisat Allah ya hore mata kunne da ra'ayi. Saboda haka sai gona. Da an ja igiya marigayin ya kama "tu-tu-tu-tu", Malam ya buɗe littafi ya yi ta zuba karatu, ko maƙwabcin kusa bai san ana yi ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa cewa labari ya yi tsawo ba, bai taɓa tambayar yaushe za a gama ba. Iyakar sharhinsa hayaƙi.

Ya ɗan jima yana tari, "kuf-kuf", bakanike ya ce a kawo shi. Malam ya ce bari ya kammala babin da ke hannunsa tukuna.

A babin nan ne mugun mutumin da ke cikin labarin yake toshe wa maƙwabta ruwa, sannan ya riga kowa kai ƙorafi. To, Malam yana da wata hikima ta manyan marubuta: a rubutun farko yakan bar wa mutane sunayensu na gaskiya don ya riƙa ganin fuskokinsu, sai a gyaran ƙarshe a canza. Gyaran ƙarshen kuwa layi ɗaya yake bi da zuwa wurin bakanike. Ana cikin haka marigayin ya ce "kuf", ya yi shiru. Malam, ido na kan takarda, ya ci gaba da muryar mai shela, har ya kammala siffanta tumbin mugun da sunansa na gaskiya, wato Alhaji Hashimu, yayan Nafisat, wanda ke tsaye a gonarsa ta gefe tare da masu cire masa ciyawa. Waɗanda suka halarta sun shaida cewa ko jimla ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba.

Marigayin ya bar tiyo mai faci, da guntun fetur a jarka, da albasa mai jin ƙishi, da marubucin da ya samu masu sauraro ranar da bai nema ba.

'Yan gwangwan za su ɗauki gawar ranar Alhamis bayan la'asar. Da a gida za a yi zaman makoki, sai dai labari ya riga Malam isa can, kuma Nafisat ta karɓe littafin ta ce za ta karanta da kanta tun daga farko. A babi na huɗu akwai wata mace mai mita wadda ita ma gyara bai iso kan sunanta ba, kuma jiya an ga Nafisat tana ƙarasa na uku. Don haka Malam zai karɓi gaisuwa a Madobi, gidan gwaggonsa, kuma ana roƙon masu zuwa kada su yi wa kowa kwatance.